Gaisuwar Hannun Hagu

Tanut, daren Lahadi

Yau aka raka 'yan sikawut ɗinmu da za su babban taron matasa a ƙasar waje. Tasha ta cika da ganguna da guɗa. Na ɗaura tsohon ƙyallen wuyana na sikawut, na dogara sanda har can. Na miƙa wa shugabansu hannun hagu, yadda mu 'yan sikawut muke gaisawa tun ina ɗalibi a lakwal.

Sai maƙwabcina Mutari ya riƙe ni. "Ku yi haƙuri, Baba ya fara ruɗewa. Baba, da dama ake gaisawa!"

Na ga yaron, shugaban nasu, ya ɗago hagunsa, sai ya ji kunyar mutane, ya mayar. Mota ta tashi.

Na kwance ƙyallen. Da ma yaron na yi niyyar ba wa.