Jangwangwam Bakwai da Ɗoriya

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa mai yawa. Na san babu direban da zai kai maka wannan takarda, amma zan rubuta, don maganar ta daɗe tana cin raina.

Inna lafiya lau, sai ciwon gwiwa. Tafki ya cika bana har ruwa ya taɓa shingen lambunka. An gama girbi, ƙanenka Illa ya kwaso mana gero daga gonarmu ta garin Safo a amalanke. Da maƙwabta suka tambaye shi dami nawa aka samu, sai ya ce arba'in da biyu. Haka kawai, Baba! Ba wanda ya yi dariya. Ni kuwa na shige ɗaki na yi ta kuka.

Kai ba ka taɓa faɗin adadin abin da Allah ya ba ka ba, don gudun bakin mutane. Shi ya sa ka ƙago naka lissafin. Kifin da ka kamo jangwangwam ne. Gero kuma kowace shekara jangwangwam bakwai da ɗoriya. Sauron bakin tafki dangaramgam. Na can ƙoli shi ne malalamlam, ka ce ba a taɓa shi sai abu ya fi ƙarfin baki.

Ka tuna shekarar da na shiga kwaleji a Maraɗi, na zo hutu da ƙawayena biyu? Ɗaya ta tambaye ka yawan geronmu, ka ba ta jangwangwam ɗinka, suka yi ta dariya. Daɗi suka ji, amma ni na ɗauka ba'a suke yi mana. Na tashi fuu, na ƙirga damman ɗaya bayan ɗaya, na faɗi adadin da ƙarfi, da Faransanci ma. Har na ce musu ba ka iya ƙidaya ba. Murmushi kawai ka yi. Daga ranar, in ina wurin aka tambaye ka, sai ka ce an gode Allah kawai.

Shekara goma sha ɗaya ina cewa in na zo hutu zan ba ka haƙuri. Me ya hana ni? Girman kan ɗan boko ne kawai, ba komai ba.

Sai bayan rasuwarka Inna ta gaya mini kai kake fitar wa rabin unguwa zakka, dami ɗaya cikin kowane goma, ba ka taɓa kuskure ba. Ashe ka fi ni iya ƙidaya. Don me ba ka tsawata mini ba, Baba? Da ya fi mini sauƙi.

Yanzu ni ke koya wa yara lissafi a lakwal, makarantar boko. Jiya wata baƙuwa daga garin Sarkin Yamma ta ga rumbunmu, ta tambayi abin da muka samu. Kafin Inna ta buɗe baki na ce jangwangwam bakwai da ɗoriya. Inna ta yi dariyar da ba ta yi ba tun da ta fita takaba, sannan ta rufe fuska da mayafi. Kunnuwan da na so su ji ne kawai babu.

Ka yafe mini. Allah ya haskaka kabarinka, ya sada mu a Aljanna. In ana tambayar yawan kewa a can, ka ce musu tawa malalamlam ce.

Taka mai kuskuren lissafi,
Ramatu