Tatsuniya ta Goma

Alhamis, 2 ga Mayu, 2024

Alhamdu lillahi, Dakta Halima ta amince da batun furojet ɗina. Tatsuniyoyi goma daga bakin mutum ɗaya, in ɗauka, in rubuta, in juya su zuwa Turanci, in yi musu sharhi. Shekara huɗu ina sashen Turanci ina haddace sunayen furannin da ban taɓa gani ba, ashe digirin nawa yana can ƙauye a kan tabarma yana ɓarar gyaɗa. Kakata nake nufi, Iya Hasiya.

Sharaɗin Dakta ɗaya ne: bidiyo take so. "Mujitaba, ina son in ga fuskarta da hannuwanta, ba murya kawai ba." Garinmu ko sandar wuta babu. Da rana ke nan za a yi.

Asabar, 4 ga Mayu

Motar Bebeji, sannan acaɓa har ƙofar gida. Iya na ganina ta fara: "Maigida ya dawo, ko sabulu babu. Wannan aure dai haƙuri nake." Na ce ta jira digiri.

Da na faɗa mata abin da ya kawo ni sai ta ajiye gyaɗar. "Da rana? Ka taɓa jin an yi?" Wai mai yin tatsuniya da rana makuwa yake yi, ya fita ya kasa gane hanyar gida. A Tsohon Gari, garinsu na asali da ruwan Tiga ya cinye tun tana amarya, in ya zama dole sai an zari ciyawa daga jinkar ɗaki an ƙulla ta, an ɗaure abin tukuna. Muka ɗaga kai tare. Kwano ko'ina. Kawu Ubale, ɗanta da take zaune a gidansa, har madafa ya rufe da kwano bara.

Akwai rumbun Baffa Sale a bayan gari, mai jinka. Tafiyar minti goma. Amma cajin wayata saura kaɗan, kuma gaskiya dariya abin ya ba ni. Na ce mata, makuwa a garin da bai fi layi huɗu ba? Na ce in babu tatsuniya babu digiri.

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta gyara ɗankwali ta ce, "To, kai ne mai boko. Ga ta nan, ga ta nanku."

Biyu na samu. Maganar ciyawar kuma na rubuta ta, za ta yi kyau a babi na biyu.

Talata, 7 ga Mayu

Fassara akwai wuya. Duk tatsuniyoyinta a Tsohon Gari suke faruwa: a bi ta gindin rimi, a wuce rijiyar maƙera, a karya kwana a gidan mai unguwa. Turanci ya ƙi shiga lungunan nan, kamar ana tura rago ta ƙofar kaji.

Wani abu kuma. In na sa abin sauraro a kunne, ina jin ruwa a bayan muryarta. Ba zuba ba, irin ɗan bugun da yake yi a jikin kwalekwale. Gidanmu da bakin dam ya fi tafiyar awa ɗaya. Lasifikar wayar ce, na san ta kusa mutuwa.

Asabar, 11 ga Mayu

Uku yau. Biyar ke nan.

Kafin in tashi na ce ta maimaita min waƙar da ke cikin ta farko, akwai kalmar da ban ji sosai ba. Ta ce wace waƙa? Na rera mata farkonta. Ta girgiza kai, wai ba ta san ta ba. Na ce Iya ban da tsiya. Ta yi dariya, na yi dariya. Amma ba ta rera ba.

Laraba, 15 ga Mayu

Dakta ta karanta biyun farko ta ce in na ci gaba a haka har mujalla za a kai aikin. Ko abincin rana ban iya ci ba don murna.

Asabar, 18 ga Mayu

Bakwai.

Bayan mun gama na kunna mata bidiyon ranar farko don ta ga kanta. Idonta ba ya gani sosai, sai ta kara wayar a kunne. Ta saurara har ƙarshe ko motsi babu. Da ya ƙare ta ce, "Kai, matar nan ta iya. 'Yar wane gari ce?"

Na ce ke ce mana.

Ta ce a'a, ita ba ta taɓa jin wannan labarin ba. Na kunna ta biyu, na kunna ta uku. Haka. Tana saurare tana gyaɗa kai kamar baƙuwa a gidan biki. A wajen rijiyar maƙera sai na ga hawaye na bin kuncinta, na tambaye ta, ta ce ita ma ba ta san dalili ba.

Na kashe wayar na cusa a aljihu.

Lahadi, 19 ga Mayu

Na gaya wa Kawu Ubale a bakin lambunsa. Ya ce tsufa ne, jiya ma ta zuba gishiri a koko. Na ji daɗin amsar fiye da yadda ya kamata.

Amma waɗanda ban ɗauka ba tana sane da su tsaf. Waɗanda suka shiga wayata ne kawai babu.

Asabar, 25 ga Mayu

Na biya ta rumbun Baffa Sale na zaro ciyawa, na ɓoye a aljihu kada wani ya ga ɗan jami'a da wannan aiki. Na miƙa mata. Ta jujjuya ta a hannu ta mayar min. "Ihu bayan hari, maigida. Abin da aka fara a sake ba ya ɗauruwa."

Na ce to mu bari haka. Wallahi na faɗa. Ita ce ta ce, "Digirin fa? So kake a ce mijina ya je birni ya dawo hannu rabbana?"

Ba ta matsa min sosai ba. Wannan ne abin da ba zan gaya wa kowa ba. Sau ɗaya ta faɗa, na ciro waya.

Tara.

Talata, 28 ga Mayu

Kawu ya kira ina tsakiyar lacca. An nemi Iya bayan azahar an rasa. Matar da ko masallacin unguwa sai an riƙe mata hannu. Sai wajen la'asar masunta suka gan ta a bakin dam, ruwa har gwiwa, takalmanta a hannu. Da suka riƙe ta ba ta yi gardama ba. Ta ce gida za ta, ta san nan ne, amma ta manta ta inda ake karya kwana.

Na fito daga ajin ban koma ba.

Asabar, 1 ga Yuni

Na je, wayar tana can ƙasan jaka. Ta rame. Amma ta gane ni, har ta ce ina sabulunta, na ciro shi kuwa, guda biyu. Ta yi guɗa ƙasa-ƙasa.

Can ta ce, "Saura ɗaya ko?"

Na ce an rage, tara ma sun isa. Ta ce ƙarya ba ta yi min kyau, kunnuwana ke motsi. Ta ce guda ɗaya ce ta rage mata duk duniya, ta wajen mahaifiyarta, kuma mutum ɗaya ta taɓa yi wa, Ubale, lokacin da ƙyanda ta kusa kashe shi yana yaro. "In kana so ka ɗauka. Ban san me zan riƙe ba bayanta, amma ka ɗauka."

Na ce ba na so. Na ce ko farkonta kada ta faɗa min. Na tashi na fita don kada ta fara.

Yau dai na yi abin kirki guda ɗaya.

Talata, 4 ga Yuni

Dakta ta ce goma goma ce, haka aka rubuta, haka aka sa hannu. Ranar Litinin za a miƙa aiki. Na so in yi mata bayani, sai na ji yadda zai fito da Turanci a ofishin nan mai fanka da littattafai har rufi. Na fasa.

Alhamis, 6 ga Yuni

Na samu mafita. Ba mai kyau ba ce, amma ba ta taɓa Iya.

Na zauna a laburare bayan azahar na ce zan ƙirƙiro ta goma da kaina. Shekara huɗu ana koya min yadda ake gina labari, yau ranar amfaninsa. Na zaci zan sha wahala. Ina ɗora biro sai ga ta. Yarinyar da uwarta ta aika ɗebo wuta a maƙwabta, ta dawo ta tarar gari ya tashi babu kowa, ta yi ta yawo da garwashi a kasko tana neman wadda ta aike ta, tana hura shi kada ya mutu. Har da waƙa. Ban ɗaga biro ba sai da na kai ƙurungus. Da Hausa ta zo, ni da ko wasiƙa ban iya rubutawa da Hausa ba sai na yi gyara.

Na duba agogo, minti ashirin. Ashe ni ma marubuci ne.

Mai gadin laburare ya tambaye ni ko na zubar da ruwa ne, wai ƙarƙashin teburina a jiƙe. Ban shigo da ruwa ba.

Talata, 11 ga Yuni

Na miƙa jiya. Na ce bidiyon ta goma ya lalace. Dakta ta kira ni yau, idonta ja, ta ce ta goman nan ta fi sauran tara, irin wadda ba mai iya ƙirƙira sai wanda ya gada. Tunda babu bidiyo, ranar kare aiki ni zan tsaya in ba da ita da bakina a gaban malamai. Litinin 24 ga wata, ƙarfe goma na safe.

Na ce to.

Asabar, 15 ga Yuni

Na zo hutun Babbar Sallah. Iya na zaune a rumfa, gyaɗa a gabanta ba ta taɓa ba. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa da ladabi. "Sannu da zuwa, Malam. Masu gidan sun fita."

Na ce Iya, maigida ne fa. Ta yi murmushi irin wanda ake yi wa baƙon da ya yi wasan da bai dace ba.

Litinin, 17 ga Yuni

Kawu na gyaran raga a zaure, na zauna kusa da shi. Abin ya cika min ciki, sai na faɗa masa na yi ƙarya a aikina, ta goma ni na ƙirƙira. Don ya yi dariya na ba shi a taƙaice: yarinya, wuta, kasko.

Hannunsa ya tsaya a kan ragar.

Ya ce in sake faɗa. Ban sake ba, sai shi ya ɗora daga inda na tsaya. Ya faɗi abin da yarinyar ta tarar a gida na uku. Ya rera waƙar. Kalma ɗaya ba ta bambanta da abin da ke cikin jakata ba.

"Wa ya ba ka?"

Na rantse masa ba wanda ya ba ni. Ya tambayi ranar da na rubuta, na ce Alhamis 6 ga wata, bayan azahar. Ya ajiye ragar. Sannan ya ce ranar nan suna zaune, Iya na ɓarar gyaɗa, sai ta saki abin da ke hannunta ta ce, "An ɗauka." Tun daga lokacin ba ta sake kiran sunan kowa ba, har shi.

Bai zage ni ba. Da ma ya zaga.

Laraba, 19 ga Yuni

Likita a Bebeji ya ce ruɗewar tsufa ce, ana ganinta sosai. Ya rubuta magani. Na yarda da shi, me zai hana.

Juma'a, 21 ga Yuni

Na lura ba na bukatar duba takarda. Duk goman suna bakina, da lungunan, da rimin, da rijiyar. Na san ta inda ake karya kwana.

Lahadi, 23 ga Yuni

Tun safe ya kamata in kama hanyar Kano. Jaka a ɗaure, riga a goge, gobe ƙarfe goma. Na je yi mata sallama da hantsi, sai ta kama bakin rigata.

"Malam, ka iya tatsuniya? An ce min ni ma da na iya."

Na zauna a gefen tabarmar. Har bakina ya buɗe. Sai na ga inuwar rumfar a ƙasa, gajeriya.

Na tura wa Dakta saƙo cewa ban samu mota ba. Motoci na nan birjik a bakin titi, ina jin kwandasta na kiran Kano daga nan. Ba wai na yarda da wani abu ba ne. Gajiya ce kawai, kuma ita ta roƙa.

Ta sake jan rigata. "To, fara mana."

Na ce, "Bari rana ta faɗi, Iya."

Ta ce to. Muna nan zaune muna jira.