Zane Ɗaya ga 'Yan Biyu

Hassana 'yar'uwata,

Gaisuwa mai yawa daga Tambuwal. Yaya Malam da yara, yaya zaman Ikko? Muna nan lafiya lau.

Ɗiyata Rabi ta karanta mana littafin wasu 'yan biyu mata. Ɗan sarkin aljannu ya so ɗaya, ya kawo mata zanen alharini, ya tafi da ita. 'Yan matan gidanmu suka ce ta yi dace. Inna kuwa ta fusata: "Wane marar tarbiyya ke ba 'yan biyu zane ɗaya?"

Ni dai wadda aka bari gida nake tausayi.

Atamfar Sallah biyu na yanko mana, kamar kullum. Taki tana cikin adaka, tana jiranki.

Ki gaida kowa, ki sa mu a addu'a.

Usainarki