Famfo Na Uku Yana Jan Mutum Idan An Tada Janareta

Zuwa ga Alhaji, mai zauren bikin da nake wa aiki a Jimeta,

Assalamu alaikum warahmatullah. Bappa Alhaji, ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da duk mutanen gida a Makama. Allah ya ƙara girma.

Ni ne Hamidu, mai kula da famfunan banɗakin zauren, wanda ma'aikata ke kira Shaƙiyyi. Karatuna na allo ne, bokon a waya na tsince shi, a yi haƙuri da rubutun. Wallahi ban so na yi maka magana a bainar jama'a ba. Na ba Manaja takarda ya kai maka, jiya na gan ta a ƙarƙashin kofin shayinsa. Na zo ƙofar gidanka jiya da yamma, na sake zuwa yau da safe, mai gadi yana hango ni ya fara dariya, bai bar ni na shiga ba, don na taɓa ɗaure igiyar takalminsa da ƙafar benci. Yau Alhamis. Jibi akwai biki a zaurenka. Shi ya sa na rubuta a nan dandalin sada zumunta, ko wani da ya san ka zai gani ya kai maka.

Maganar ita ce: famfo na uku a ɓangaren mata yana jan mutum da wuta. Ina tsoron kada ya kashe wani.

Na ɗaya, bari na fara da laifina, don ka ji shi daga bakina. Ranar da aka kafa famfunan nan masu ido, waɗanda ke zubo ruwa da kansu in an tara hannu, na kama ɗaya na sandare, na juya idanu, na zube ƙasa ina karkarwa. Manaja ya fita da gudu ya bar takalmi ƙafa ɗaya. Da ya dawo ya same ni ina dariya. Kuma ni ne na gaya wa wasu dattawa 'yan rakiyar ango cewa famfon ba ya ba da ruwa sai an yi masa sallama, suka jeru suna yi, ɗaya har da tambayarsa ya gida. Na yi, ban musa ba. Allah ya yafe mini. Amma duk tsokanata ban taɓa wasa da aikin ba. Kowace safiya ina goge idon kowane famfo da busasshen tsumma, don kumfar sabulu tana makantar da shi. Duk Juma'a ina kwance 'yar rariyar ciki na wanke yashin rijiyar burtsatse. Shekara guda ke nan babu famfon da ya kwana a toshe. Ka tambayi kowa.

Na biyu, yadda abin ya faro. Da aka shimfiɗa dutse a tsakar gidan zauren kafin azumi, an cire famfon alwala na waje, aka ce yana ɓata wuri. Sallah kuwa ba ta daina yi ba. Mutane suka koma yin alwala a ciki, a besin ɗin ƙarfe. Famfo mai ido ba ya cika buta, kana janye hannu ya ɗauke, sai mutum ya gaji ya ɗaga ƙafarsa ya sa a ciki. Besin kuwa ba don ɗaukar ƙafar mutum aka yi shi ba. Na ukun ya fara rabuwa da bango, bututun ƙasa ya saki, ruwa yana ɗiga a kan ƙaramin baƙin akwatin da ke ba famfon wuta daga soket. Na ɗaure bututun sau uku, kowane biki sai ya sake saki. Na ce a ɗaga akwatin sama, Manaja ya ce sai mutanen da suka kafa sun zo daga Kano.

Na uku, abin da ya same ni. Ranar Lahadi bayan la'asar taro ya watse, ba a riga an kashe janareta ba. Na tuɓe silifas na shiga wanki, ƙasa a jiƙe. Ina dafa bakin besin na uku sai na ji kamar an buga mini gora tun daga yatsu har haƙarƙari. Hannuna ya maƙale. Santsin ƙasa ne ya kayar da ni baya, shi ya raba ni da ƙarfen. Na daɗe a zaune ina salati, harshena yana ɗanɗanon ƙarfe. Har yanzu yatsuna biyu ba su dawo daidai ba. Maman Joy, wadda ke share ɓangaren mata, ita ta ɗaga ni. A nan take gaya mini sati biyu ke nan tana jin kamar ana tsitstsira mata allura a hannu in ta goge wurin, ta ɗauka sanyin ƙashi ne. Ta ce na sa sunanta a takardar nan, ba ta tsoro.

Na huɗu, gwajin Manaja. Ranar Litinin na gaya masa. Ya kalle ni ya ce wannan fim ɗin ya riga ya gani. Na roƙe shi har ya zo, da takalminsa sau-ciki, ƙasa a bushe, ga wutar gari ba janareta ba. Ya dafa besin da hannu biyu, ya yi karkarwar ƙarya yana kwaikwayona, masu jera kujeru suka kwashe da dariya. Da Maman Joy ta sa baki, ya ce ashe na sami abokiyar wasa. Bappa, ni ba mai gyaran wuta ba ne, ban san dalili ba. Abin da na sani, a wutar gari ba ya ja, a janareta yake ja. Biki kuwa duk a janareta ake yinsa, tun azahar har a tashi.

Ranar Talata na zare soket ɗin. Da na dawo daga sallah na tarar an mayar, wai famfo ba ya zuba, baƙi masu duba wuri za su zo. Jiya na sa kwaɗo a ƙofar banɗakin. Manaja ya sa aka fasa, ya karɓe makullaina, ya ce na je na huta sati guda, in na ƙara leƙowa ya haɗa ni da 'yan sanda. Ban zo ƙararsa ba. Mutumin da na sa ya yi gudu da takalmi ƙafa ɗaya a gaban yaransa, in ya ƙi yarda da ni ba zan ce ya zalunce ni ba. Amma wuta ba ta san an taɓa yin wasa ba.

Na biyar, bikin jibi na 'yan unguwarmu ne, Gwadabawa. Mata za su yi azahar da la'asar a zauren. Mai alwala ba ta shiga da takalmi, ƙafa a jiƙe take tsayawa, da warwaron ƙarfe a hannu. Yara kuma suna sauka daga keke banɗaki suke nufa, don ni da kaina na koya musu tseren wanda zai riga tada ruwa. Cikinsu akwai Ummi, 'yar Addata, wato yayata, shekararta biyar, sai ta rungumi bakin besin ta ɗage kafin hannunta ya kai idon. Na je na roƙi Adda kada ta bar ta ta shiga. Ta ce na tashi na ba ta wuri tana daka, wato yanzu ita zan yi wa tsokanar. Tun ranar ko abinci na sa a gaba, ƙafafun Ummi nake gani a jiƙaƙƙen tayil ɗin nan.

Ga abin da nake roƙo, ranka ya daɗe. Gobe Juma'a a kira mai gyaran wuta na gaske, a tada janareta, a jiƙa ƙasa, ya gwada besin na uku da abin gwajinsa. Kada kowa ya taɓa da hannu, har da Manaja. In ba zai samu gobe ba, a zare soket ɗin famfunan duka a naɗe da salatif, a ajiye bokitai da moɗa. Baƙi za su yi gunaguni, amma za su koma gida. Bayan biki a ɗaga akwatunan sama, a ƙara wa besin ƙafa, a mayar da famfon alwala na waje, na murɗawa, wanda kowa ya sani. Kuma kada a taɓa Maman Joy, gaskiya ta faɗa.

In an gwada abin gwajin bai kama wuta ba, a tara ma'aikata a kore ni a gabansu, Manaja ya yi dariyarsa ya more. Wallahi da murna zan tafi. Ban taɓa fatan a kama ni da ƙarya ba sai wannan karon.

In kuwa takardar nan ba ta iso ka ba, jibi tun hantsi ina bakin titi daura da get, inda ba filinka ba ne, da jarkoki biyu da butocin da na aro a masallacinmu. Duk macen da ta sauka zan miƙa mata buta na ce kada ta taɓa famfo na uku. Na san da yawansu za su yi dariya su wuce, don sun san ni. Kai kaɗai ne in ka faɗa ba za a yi dariya ba.

Allah ya tsare ka, ya tsare dukiyarka daga zama sanadin kukan wani, ya sa a yi biki lafiya a watse lafiya.

Wassalam.

Naka,
Hamidu mai famfo, Gwadabawa.