Baƙin da Ba Su Duba Injina Ba

Zuwa ga 'yata Don-me,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa daga kawunki, da fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Allah ya buɗe miki ƙwaƙwalwa, ya raba ki da ciwo da kewar gida. Mu nan lafiya lau. Ƙafar mahaifiyarki ta yi sauƙi har ta koma kan keken ɗinkinta. Matata kuwa tana nan da mitarta, wai na cika mata ɗaki da warin roba. Shekara ashirin da biyu ke nan tana wannan ƙorafi, alhali da warin ake cefane.

Kin san ni na laƙaba miki Don-me, saboda kina ƙarama ba kya barin mutum ya sha ruwa don tambaya. To yau abin ya juyo kaina. Wata uku da suka wuce aka fara raɗe-raɗin cewa uwar kamfaninmu da ke ƙasar waje ta ce reshenmu na takalma ba ya kawo riba, za ta aiko a duba. Muka taru a bakin injina, abokin aikinmu mai walda ya ce ai maganin wannan shi ne aiki. Muka rage hutun rana, muka kusan ninka takalman da muke fitarwa. Ana jibi baƙin za su zo muka shafe bango da fenti, ni kuma na goge injin matse tafin takalmi har mutum na iya ganin fuskarsa a jiki.

Sai ga baƙin, yara biyu sa'anninki, mace da namiji, kowa da kwamfuta a jaka. Wallahi ko ƙofar ɗakin injina ba su leƙa ba. Kwana biyu suka yi a ofis. Na gitta ta taga na gan su sun ƙura wa wasu layuka ido a fuskar kwamfuta, ja da kore, masu hawa da sauka. Da suka tafi na tare manaja a wurin ajiye babura. Ya ce robar da muke aiki da ita da kuɗin wata ƙasa ake sayo ta, a sayar da takalmi da kuɗinmu, ribar kuma sai an mayar da ita kuɗin wata ƙasar ta uku kafin masu kamfani su kira ta riba. Ya ce kuɗinmu ya faɗi, saboda haka duk takalmin da muka ƙara, roba muka ƙara ci, asara muka ƙara ja. Garin neman gira muka tsokane ido ke nan.

Tun ranar tambayoyi suka hana ni sakat. Wa ke sa kuɗi ya faɗi, tunda takardar kuɗin da ke aljihuna ba ta canza kama ba? Ina kasuwar kuɗin nan take ci, su wa ke da rumfa a cikinta? Manaja ya ce akwai kamfanonin da ke ƙulla farashin canji tun kafin lokaci ya zo. To don me namu bai ƙulla ba? Kuma kuɗin da ya faɗi yana tashi da kansa, ko sai an ɗaga shi? Ina jin haushi ƙwarai, amma son in gane ya fi haushin yawa.

Ki yafe mini wata magana. Ranar da kika ce za ki jami'a karatun kasuwannin kuɗi na duniya, ni ne na ce a gaban kowa wannan karatun iska ne, kasuwar da ba a taɓa kayanta da hannu, gara ki yi aikin jinya. Mahaifiyarki ce ta tsaya miki. Ga shi iskar ta iso har bakin injina.

Yanzu an raba mana takarda. Wanda ya sa hannu kafin ƙarshen wata zai tafi da cikakken kuɗin sallama. Wanda ya zauna, in aka rufe reshen ko rabi ba zai samu ba, in ba a rufe ba ya tsira da aikinsa. Mai walda ya sa hannu. Ni ban sa ba, ban kuma gaya wa matata ba, kuma ina jin tsoro. Ba zaɓi nake so ki yi mini ba, na san ba duba irin na bokaye ake koya muku ba. Ki dai bayyana mini abin da yaran nan suka gani a layukan, dalla-dalla, yadda mai matse roba zai gane. Kada ki ba ni irin amsar da nake ba ki a dā, cewa in kin girma za ki sani. Kin girma, kin kuma sani.

Mahaifiyarki na gaishe ki, haka kakarki da ƙanenki mai ƙwallo da matata. Ki gaida abokiyar ɗakinki. Takardar sallamar tana cikin akwatin kayan aikina, ƙarƙashin sifana da guduma. Saura kwana goma sha tara.

Naki mai jiran amsa,
Kawu