Hannun Hagun Job

Asabar, 5 ga Afrilu, 2008

Na dawo daga Argungu. Job na nan yadda yake. Wata biyu ke nan da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Hannun na kwance a cinya, magana kuma ta ƙi fita, sai ido kawai. Na zauna awa biyu ina ba shi labarin ofis da farashin albasa, labarin da ni kaina ban damu da shi ba. Sai yau na gane cewa shekara goma sha shida muna abota amma ba hira muke yi ba, kiɗa muke yi. Tun ɗakin nan da aka cusa mu tare a unguwar Nasarawa, nan Birnin Kebbi, lokacin da aka ƙirƙiro jiha aka kwaso ma'aikatan gona daga Sakkwato babu gidan da za a ba kowa. Shi ya koya mini riƙon jita. Kowace Asabar shi ke bayarwa ni ina amshi, kiɗan buluz ɗin nan na baƙaƙen Amurka da yake mutuwar so. Nawa in riƙe masa ƙasa, shi kuma ya yi ta yawo a sama, yana buga duk abin da ya zo masa nan take.

Da zan tafi, matarsa Judith ta biyo ni bakin ƙofa. Wai ranar 31 ga Mayu 'yan'uwansa za su zo su mayar da shi gida Pankshin, ba dawowa. Ta ce, "Malam, jiya ya nuna jita, ya nuna kujerar da kake zama. Yana so ya ji irin nasa kafin mu tafi. Ba mai yi masa sai kai."

Na ce to. Ban san abin da ya kai bakina ba, ni da ban taɓa bayarwa ba ko sau ɗaya. Asabar bakwai suka rage.

Litinin, 7 ga Afrilu

Bayan la'asar na je shagon intanet na Taufiq. Da na gaya masa abin da nake nema sai ya dube ni sama da ƙasa. "Malam, kai da nike zaton tahsiri kaz zo biɗa?" Na ce ya buɗe mini na'ura ya bar surutu.

Mun samo hoton bidiyo na wani tsoho baƙar fata mai malfa, yana koyar da bugun buluz ba tare da shiri ba. Darasi na farko minti shida ne, amma sai da ya ci minti arba'in kafin ya gama buɗewa. Abin sawa a kunne kuma ɓari ɗaya ya mutu. Duk da haka na ji. Irin na Job ne sak.

Laraba, 9 ga Afrilu

Na sayi littafi mai layi. Ina tsayar da hoton, in rubuta tsirkiya ta nawa, gaɓa ta nawa, yatsa na nawa, in koma baya in sake dubawa. Yadda marigayi Baba ya karantar da mu: ba a wuce layi sai ya zauna. Shafi huɗu yau. Tsohon yana yawan surutu tsakanin kiɗan, Turancinsa kuma ta hanci yake fita. Ina tsallake surutun.

Alhamis, 10 ga Afrilu

An ɗauke wuta saura kaɗan ya gama buɗewa. Ba zan rubuta abin da na faɗa ba.

Talata, 15 ga Afrilu

Akwai inda ake tura tsirkiya sama da yatsa har muryarta ta lanƙwashe. A hannun tsohon kuka take yi. A hannuna kuwa, Rauda ta leƙo daga madafa ta ce, "Malam, wagga akuyar taka har yaushe za ta haihu?" Shekara ashirin da aure, ba ta taɓa barin magana ta kwana a cikinta ba. Kan yatsuna uku ya tsage. Da na zo alwala sai da na cije.

Asabar, 19 ga Afrilu

Na haddace darasi na farko tas. Na naɗe jitar a tsohon zanen Rauda na shiga motar Argungu. Wani dattijo a kusa da ni ya tambaya ko gawar me na ɗauko, na ce kayan aikin ofis ne.

Na buga wa Job. Idonsa ya buɗe, ya gyaɗa kai sau biyu, har gefen bakinsa mai lafiya ya ɗaga. Judith ta ba ni soyayyen kifi in kawo gida. Na dawo ina jin kaina. Ashe abin ba wuya.

Asabar, 26 ga Afrilu

Na sake buga masa, yau ma ya fi tsabta. A tsakiyar kiɗan akwai inda nake yin shiru na ɗan lokaci. Kafin in kai wurin sai Job ya ɗaga yatsa, ya jira, ya sauke shi daidai inda na tsaya. Sannan ya lumshe ido, bai sake buɗewa ba har na gama.

Judith ta ce, "Malam, ai wannan ne na wancan sati." Na ce e, amma yau babu kuskure ko ɗaya. Ta ce to.

Litinin, 28 ga Afrilu

Na koma na duba wurin shirun nan. Ashe ba kiɗa ba ne, malfarsa ce ta zame ya tsaya gyarawa. Sati uku ina biya gyaran malfa. Ban gaya wa Taufiq ba, don har jikokinsa sai sun ji.

Laraba, 30 ga Afrilu

Tunda sabo yake so, na kama darasi na biyu. Shafi bakwai. Na bar aikin rahoton taki a tebur, shugaban sashe ya aiko sau biyu.

Asabar, 3 ga Mayu

Raina a ɓace yake, bari in rubuta ko zan huce.

Na kai masa sabon. Ina cikin bugawa lafiya lau sai ya miƙo hannun dama ya ƙwanƙwasa cikin jitar, ba a kan ƙa'ida ba. Na rikice. Na koma farko. Na zo wurin, ya sake ƙwanƙwasawa, yana kallona cikin ido. Na sake komawa farko, don ni in aka katse ni ban san hanyar shiga ta tsakiya ba. A karo na uku bai taɓa jitar ba. Ya juya fuskarsa ga taga, ya bar ni ina yi wa ƙeyarsa kiɗa.

Me yake so? Mutum ya bar aikinsa, ya tsaga yatsunsa, ya sha zafin motar Argungu gwiwa a haɓa. Na ji haushinsa ƙwarai, sannan na ji kunyar jin haushin mutumin da ba ya iya ɗaga hannunsa na hagu. Har yanzu biyun suna tare da ni.

Talata, 6 ga Mayu

Yau na ga abin da ya fi ƙarfina. Taufiq ya samo wani hoton tsohon, darasi na farkon dai, amma an ɗauka wata rana da wata riga. Na buɗe littafina ina bi. Babu layi ɗaya da ya yi daidai. Inda ya hau a wancan, a nan sauka ya yi. To wanne ne na gaskiya? Wanne na ɓata wata guda ina haddacewa?

Akwai adireshin aika saƙo a ƙasa. Na rubuta masa da ladabi, na ce ni ɗalibinsa ne daga Birnin Kebbi, na rubuce darasinsa duka a littafi, ya taimaka ya faɗa mini wanne ne ingantacce don kada in koyi kuskure.

Asabar, 10 ga Mayu

Ban je ba. Na aika wa Judith cewa aiki ya riƙe ni. Ƙarya ce.

Lahadi, 11 ga Mayu

Rauda ta ce, "Jiya mi ya hana ka tahiya?" Na ce jikina. Ta ce, "Jikinka lahiya lau shike. Bawan Allah na can shina dubin ƙohwa."

Na yi ta tunanin Baba. A gidanmu abin da ba ka ji daga bakin malami ba, ƙari ne, kuma ƙari bulala ce. A wurin karatu gaskiyarsa ce, ba na ja. Amma ni na kwashe abin na shimfiɗa a kan komai. Ko wasiƙar ofis zan rubuta sai na zaro tsohuwa na kwafa. Shekara arba'in da huɗu, ban tuna ranar da na faɗi wani abu da ban fara jin wani ya faɗa ba. Yanzu an ce in yi da tsirkiya.

Laraba, 14 ga Mayu

Na daure na saurari surutun da nake tsallakewa. Cewa yake muryoyi biyar ne kacal, ka yi tambaya da su, ka jira, ka ba kanka amsa. Na rufe littafin na gwada a gida. Yatsuna suka ruga kan hadda da kansu. Da na hana su sai suka tsaya cik. Na zauna rungume da jita har aka kira magariba.

Juma'a, 16 ga Mayu

Amsa ta zo. Layi biyu. Wai duka biyun daidai ne, shi kansa bai tuna ko ɗaya ba, in jefar da littafin.

Wannan malami ne? Malamin da bai san abin da ya karantar jiya ba. Taufiq ya yi dariya har da riƙe ciki. Littafin dai ban jefar ba.

Asabar, 17 ga Mayu

Na je. Falon duk kwalaye, an sauke hotuna daga bango. Na buga na farko da na biyu a jere. Job ya yi barci, ko ya yi kamar ya yi. Judith ta ci gaba da ɗaure kwalayenta. Saura ɗaya.

Alhamis, 22 ga Mayu

Zai tafi da ƙeyarsa gare ni. Abin da ke cina ke nan.

Asabar, 24 ga Mayu

Ban san yadda zan rubuta wannan ba.

Na zauna na ɗora jitar a cinya, na buɗe littafi a kan kwali. Kafin in fara sai Job ya kama rigata ya ja. Ya ja har sai da na matso da kujera ta manne da tasa, ni a hagunsa. Ya janye jitar ya ɗora cikinta a cinyarsa, wuyanta ya ratso gabana. Ya kalli hannuna na hagu, ya kalli wuyan. Ya sa babban yatsansa na dama ya kaɗa tsirkiya.

Sai na gane. Shi zai kaɗa, ni in danna.

Na so in bi hadda, ba hali. Ni ina tsirkiya ta biyu, shi ya kaɗa ta huɗu. Sai wani mummunan sauti ya fito, na ji kamar in nutse. Na ɗaga hannu zan koma farko, amma babu farkon da zan koma, domin bai tsaya ba. Ya ci gaba da kaɗa ta huɗun, a hankali, yana jira. Dole na kai yatsa can na danna wani wuri. Bai yi daɗi ba. Na matsa gaɓa ɗaya, ya yi. Ya kaɗa sau biyu da sauri, na amsa. Ya koma ta uku, na bi shi ina tuntuɓe. Can ya buga da ƙarfi ya riƙe, ni kuma ban san lokacin da na tura tsirkiyar sama ba, ta yi wani irin kuka da ban taɓa fitarwa ba. Kafaɗarsa tana jikin tawa, na ji ta girgiza. Na ɗauka kuka yake. Dariya ce, irin wadda yake yi in na ɓata amshi tun muna Nasarawa.

Kuskure kam na yi ya fi ɗari. Ba mu tsaya ba sai da hannunsa ya gaji ya zame. Judith na tsaye a ƙofar madafa da ludayi, ban san tun yaushe ba. Ni ne na yi kukan, a mota, wajen gonakin shinkafa. Na ce wa na kusa da ni mura ce.

Lahadi, 25 ga Mayu

Na yi ƙoƙarin rubuta abin da muka buga jiya. Ko layi ɗaya bai dawo ba. Haushi ya ishe ni.

Asabar, 31 ga Mayu

Sun tafi da safe. Na riƙe masa ƙofar mota.

Lahadi, 15 ga Yuni

Judith ta kira bayan sun taso daga coci. Sun isa lafiya, sanyin can na damunsa, yana cin abinci kaɗan kaɗan. Ta ce za ta sa masa wayar a kunne, in buga masa na rannan. Na ce na rannan ya ɓace, ba ni da shi. Ta ce, "To buga wanda kake da shi."

Na jingina wayar da tulu na ɗauki jita. Ba wani abu ba ne, muryoyi biyar ɗin nan ne dai, kuma yatsana na uku har yanzu malalaci ne. Ban ce na iya ba. Na fara a hankali, ina barin wuri inda nake jin da shi ne zai shigo, in jira shi, sannan in amsa. Wani wurin na ba shi haushi da gangan.

Rauda ce ta taɓa kafaɗata. "Malam, ai layin ya daɗe da yankewa."

Na ce mata na sani. Ban sani ba.