Gyalen da Na Manta Ban Cire Ba

Laraba da dare, Gyadi-Gyadi

Bayana kamar zai tsinke. Kwana uku ina kan zanen da wata Baturiya ta ba ni ta intanet: in sake zana abar bautar mabiya Buddha, koriyar mace zaune a kan fure. Wai in mayar da ita farar fata mai siririn hanci, don Turawa su saki jiki da ita.

Shekaranjiya Inna ta leƙo kwamfutata, ta ga ƙirji a waje, ta yi salati. "Ke Rabi, gunki a gidana, kuma tsirara?" Don a zauna lafiya na zana mata gyale, da niyyar gogewa kafin in tura. Yau caji na ƙarewa na tura a gurguje, gyalen yana nan.

Bayan la'asar amsa ta zo: wai ita ba Musulma ta ce in zana mata ba.

Na goge gyalen, na zauna ina kallonta. Inna ta rufe ta, Baturiya ta sauya mata fata, duk da hannuna. Masu ita kuwa, ko mutum ɗaya ba a tambaya ba.

Har yanzu ban sake turawa ba.